Ko Raɓa Kada Ta Sauka

In ka shiga ƙauyukan Beli a ƙasar Rogo ka tambayi gidan Ɗantala mai gyaɗa, ba wanda zai tsaya tambayarka wane Ɗantala. Za a nuna maka gidan ƙarshen gari, mai wani fili a baya da ciyawa ta cinye. Sunansa na yanka Abdulsalami, amma da yake ranar Talata aka haife shi, sunan ya ɓace tun yana goye. Ko a asibiti in aka kira Abdulsalami sai ya waiwaya ya ga da wa ake. Dogo ne siriri, ya ba sittin baya, kuma Allah Ya hore masa abu biyu, hannun noma da saurin baki. Gyaɗar da ya binne ba ta ƙin yi. Maganar da ta zo masa kuwa ba ta ɗumama wuri, sai ta fita tukuna sannan ya tsaya duba ko ta dace.

Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona da shanu, shi da ƙanensa Sulle. Ba a sha wahalar rabo ba, domin tun suna yara kowa ya san inda ya karkata: Ɗantala fartanya, Sulle sanda. Gida ɗaya suka zauna da iyalansu. Shanun suna kwana a filin nan na baya, takinsu ya tafi gonar Ɗantala, harawar gyaɗa ta dawo bakin shanu. In za su yi faɗa da Hausa suke yi, in za su shirya sai su koma Fillancin uwarsu. Haka aka yi shekara da shekaru ba wanda ya ji kansu.

Shekara shida ke nan da abin ya faru. Kaka ce, an cire gyaɗa an tara ta a gona tana shan iska. Zazzaɓi ya kwantar da Sulle, shinge ya karye ta gefe guda, shanu suka bi ƙamshin harawa. Kafin gari ya waye sun ci abin da suka ci, sun tattake sauran cikin ƙasa. Ɗantala ya zo ya ga aikin damina guda a ƙarƙashin kofato, idonsa ya rufe. Maƙwabta sun taru, Sulle ya fito yana rawar sanyi cikin bargo zai ba da haƙuri, bai ko buɗe baki ba Ɗantala ya tare shi.

"Kwashe su ka bar mini gida! Kuma Allah Ya sa duk inda ka sauka ko raɓa kada ta sauka!"

Kai, baki! Da zagi ya yi da sauƙi, an saba da zaginsa. Amma a ce makiyayi ya rasa ko raɓa, kuma wansa ne ya faɗa, wan da ya tsaya masa a matsayin uba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wani dattijo ya ce, "A'uzubillahi, Ɗantala, mayar da ita." Ina, ta riga ta fita. Sulle ya juya ya koma ɗakinsa. Ya jira zazzaɓin ya sake shi, kwana uku, ya ɗaure kayansa, ya sa matarsa da 'ya'yansa a gaba, ya kora shanunsa.

Ɗantala ya ɗauka sati guda zai yi ya huce ya dawo. Sati ya zama wata, wata ya zama shekara. Filin da shanu suka bari kuwa, duk Beli ba ƙasa mai ƙarfinsa, taki ya yi shekara talatin yana shiga. Ko tsinke ka soka a wurin sai ya yi ganye. Mutane suka yi ta ce masa ya zuba masara ko kuɓewa, ya ce bai samu sukuni ba. Mutumin da ke nome har bakin hanya, wai shi ne bai samu sukuni ba. Kowa ya gane, aka ƙyale shi.

A shekara ta huɗu ne Ashiru dillalin shanu ya tare shi ran kasuwa ya ce, "Ɗantala, na kuwa ga Sullenku wajen Yola." Bai tsaya jin sauran ba. Ya hau babur ɗinsa ya miƙe Yola ta ƙasar Karaye, nan kusa da su, zuciyarsa na cewa ashe duk shekarun nan yaron yana nan ƙarƙashin hancinsa. Ya wuni yana bin rugage yana sallama, ana ba shi nono ana ce masa ba a san wani Sulle na Beli ba. Da la'asar sakaliya ya dawo kasuwa a gajiye, ya sami Ashiru yana haɗa igiyoyinsa.

Ashiru ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Ɗantala! Yola ta Adamawa nake nufi, wadda mota ke kwana a hanya."

"To me ya hana ka ce ta Adamawa?"

"Ka tsaya ka ji ne?"

Nan dai Ashiru ya gaya masa sunan ƙauyen, Wuro Sambo, a bakin kogin Binuwai. Ya yago bayan kwalin maganin shanu ya rubuta masa lambar wayar Sulle. Ɗantala ya ninke takardar huɗu ya cusa cikin naɗin hularsa, kuma a nan ta zauna shekara biyu cur. Me zai ce in ya kira? In Sulle ya ji muryarsa ya kashe wayar fa? Gara zaman rashin sani da wannan. Matarsa Rabi'atu, duk ranar da za ta wanke hular, sai ta zare takardar ta ajiye a kan tagar ɗaki, in ta bushe ta mayar. Takan ce, "Malam, takardar nan ta fi kowa sanin abin da ke kanka, ita kaɗai ce kullum a wurin." Shi kuma ya ce ta ji da abin da ke gabanta.

To, bara ne aka samu sabon mai jan salla a masallacin unguwarsu, Malam Bahauddeen, malamin Islamiyya, mutum mai sanyin magana. Shi ya zo da wata al'ada. Duk ranar Alhamis bayan la'asar sai ya fito da wayarsa ya buɗe taswira, ya ware yatsu biyu a kanta, duniya ta matso. Ya ce, "Jama'a, ga inda ake kira kaza. Akwai mutane irinmu a nan, suna cikin wani hali. Mu roƙa musu." Wannan mako ƙasar da ake yaƙi, wani mako wani tsibiri da ƙasa ta girgiza, wani kuma garin da ba wanda ya iya maimaita sunansa. Wayar ta zagaya sahu hannu zuwa hannu, kowa ya leƙa, sannan a ɗaga hannu.

Tsofaffi sun sha ruɗani da farko. Wani ya tambaya ko wayar za a fuskanta ko alƙibla. Wani ya ce shi in ba ya iya faɗin sunan gari, ta yaya mala'iku za su san inda za su kai? Ɗantala dai nasa ya fi na kowa.

"Malam, wai ta cikin wayar addu'ar take bi?"

"A'a, Baba Ɗantala. Allah Ya san wurin tun kafin a yi waya. Taswirar don mu ce, don zuciya ta san inda take roƙa wa."

Ɗantala ya gyaɗa kai kamar ya gane. Abin da ya shiga kansa dai shi ne, akwai hanyar da mutum zai isa wuri ba tare da an ji muryarsa ba.

Tasa wayar 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta san wata taswira ba. Babbar tana wurin Rabi'atu, 'yarsu Na'ima da ke aure a Kano ce ta kawo mata don su riƙa ganin juna. Washegari ya are ta, ya ce zai nuna wa Malam wani abu. Ya sami Malam Bahauddeen a ƙofar makaranta yana shirin shiga aji.

"Malam, ko abin nan ya san wani wuri Wuro Sambo? Wajen Yola. Ta Adamawa fa, ba tamu ba."

"Wa ke gare ka a can, Baba?"

"Wani ne dai. Tsohon sani."

Malam ya rubuta, taswira ta yi tsalle ta sauka. Ya dasa masa wata jar alama a wurin don kada ya ɓace masa, ya kuma danna wani abu ya ce, "Bari in sa maka yadda za ka ga ƙasar da idonka, kamar daga sama." Aka kaɗa ƙararrawa, Malam ya miƙa masa wayar ya shige aji.

Ɗantala ya duba, ya sake dubawa.

Shi manomi ne, ba sai an karanta masa ƙasa ba. Abin da ya gani ja ne, ja wur, irin jan da ƙasa ke yi in ta manta da ruwa. Ga wasu 'yan bukkoki kamar an watsa tsakuwa. Ga kogin da ake ta ba shi labari, ya tsuke ya zama kamar zare, farin yashi ya kwanta hagu da dama. Babu kore ko na rantsuwa, sai 'yan ɗigon bishiyoyi. Ya ɗaga kai ya dubi Beli. Ana tsakiyar noman farko, gyaɗa ta rufe kunya, ko'ina shar. Ya sake duban wayar.

"Innalillahi," ya ce. "Ta kama shi."

Ranar ko tuwon kirki bai ci ba. Shekara shida ke nan yana lallashin kansa cewa maganar fushi ce, iska ta kwashe. Ga shi yau an nuna masa ƙuru-ƙuru. Ya tuna shanun, ya tuna 'ya'yan Sulle da ya yi wa huɗuba da bakinsa.

Daga nan ya ɗaura ɗamara. A gidan, gindin dalbejiyar ƙofar gida ne kaɗai sabis ke kamawa sosai. Kullum da hantsi, in ya dawo daga kewayen gona, sai ya shimfiɗa buzu a nan, ya karɓi wayar Rabi'atu, ya nemo jar alamar, ya ɗora yatsa a kanta. "Ya Allah, ga wurin. Wuro Sambo, ta wajen Yola, ta Adamawa ba ta Karaye ba. Maganar da na yi na janye. Ka saukar musu da ruwa." Sai ya shafa, ya leƙa ya ga ko ƙasar ta fara sauya launi. Ba ta sauya ba.

Ya ƙara da azumin Litinin da Alhamis. Ya sa Rabi'atu tana toya masar sadaka duk Juma'a. Ita ta san dawan garin tun ranar farko, don ta ga sunan a wayarta, kuma ta iya karatun boko daidai gwargwado. Ta dai zuba masa ido. Wani lokaci yatsansa kan zame yana tsakiyar roƙo ido a rufe, taswirar ta gudu ba da saninsa ba. Ran nan ya daɗe yana magiya har da hawaye, ya buɗe ido ya ga shuɗi fal, ya yi kabbara ya ce an karɓa. Rabi'atu ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Malam, teku ce fa. Tun ɗazu teku kake roƙa wa ruwa."

Ya ce to ai ba a rasa masu bukata a can ma, ta mayar masa da alamarsa.

Abin ya kai in hadari ya haɗo a kan Beli, maimakon murna sai ya ji kunya. Yakan tsaya a gona ya dubi gabas ya ce a ransa, "Allah, na yafe rabona na yau, a kai wa Sulle." Aka kuwa yi kwana goma sha biyu ba ɗigo a Beli cikin watan da ake tsammanin marka. Gyaɗa ta fara lanƙwashe ganye, mutane suka fara maganar fita roƙon ruwa. Ɗantala ya yi tsit a majalisa, mutumin da ba a raba shi da magana. A ransa yana lissafi: in an ɗauke na Beli saboda shi, to ina aka kai? Ya duba waya, Wuro Sambo na nan ja wur. Ke nan an karɓi rabin addu'ar an bar rabi? Ko kuwa ruwan yana hanya, tun da mota ma kwana take? Ko ya tafi Yola ta Karaye bisa kuskure? Har ya tambayi wani mai babur da ya fito daga can, aka ce masa su ma shiru. Da ruwa ya dawo Beli bai san ko ya gode ko ya ba da haƙuri ba.

Wata huɗu yana wannan hali. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo.

Wata safiya, gyaɗa ta kusa cira, yana shan koko a tsakar gida rediyo na gefensa. Mai labarai ya ce kogin Binuwai ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga garuruwa da dama a wajen Yola, ya ci gonaki, ya rushe gidaje. Ya shiga jero sunayen ƙauyuka. Na huɗu Wuro Sambo.

Kofin ya suɓuce daga hannun Ɗantala. "Rabi! Rabi! Kawo wayar nan!"

Ko takalmi bai sa ba ya yi gindin dalbejiya, ita tana biye da shi da ludayi a hannu. Ya nemo alamar. Ga Wuro Sambo, ja wur, kogi kamar zare, yashi fari fat.

"To wai wa ke ƙarya?" ya ce. "Rediyo ya ce ruwa ya cinye su, wannan ta ce ko ɗigo babu. Idona ne ko kunnena? Rabi, in rediyo ne da gaskiya, ni na jawo. Wata huɗu ina roƙo ba dare ba rana, ban taɓa cewa a saukar daidai misali ba. In kuma wayar ce da gaskiya, to maganata ta farko tana nan. Ta ko'ina ni ne!"

Rabi'atu ta ajiye ludayin a kan buzu. "Malam, tsaya. Ka taɓa duba namu gidan a cikin abin nan?"

"In duba me? Ga ni a cikinsa."

"Kawo mu gani ko ta san ana damina a Beli."

Na'ima ta taɓa nuna mata wani ɗan da'ira da ake dannawa taswira ta dawo inda mutum yake. Ta danna. Ƙasa ta yi gudu ta tsaya. Suka haɗa kai a kan wayar, su biyu, kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa.

Beli ce, ba shakka. Ga hanyar da ta ratsa gari, ga masallaci. Amma ja wur, babu ganye ko ɗaya, alhali ga dawa nan ta fi mutum tsawo a gabansu. Rabi'atu ta ware yatsu, gidansu ya matso.

"La ilaha illallahu," ta ce. "Malam, ɗakina ne wannan da jinka. Yaushe rabona da jinka? Shekara biyar da sa kwano."

"Ga rumbun da ya faɗi," in ji Ɗantala a hankali. "Yana tsaye."

"Ga ɗorawar da iska ta kayar. Malam, ai hoto ne! Tsohon hoto, kuma da rani aka ɗauka. Wata huɗu kana wa hoto addu'a ya yi kore."

Ta so ta yi dariya, sai ta ga ba ya jin ta. Idonsa na kan bayan gidan. A filin nan da ciyawa ta cinye, a cikin wayar wani baƙin da'ira ne, irin baƙin da taki ke yi. A cikinsa ga wasu fararen ɗigo birjik, wasu a tsaye wasu a kwance. A gefe ɗaya kuma ga wani ɗan ɗigo mai inuwa doguwa, wanda ba saniya ba.

Ɗantala ya ɗora yatsa kusa da shi, bai taɓa ba, don kada ya gudu. Ya daɗe haka. Rabi'atu ta kau da kai ta ba shi wuri.

Can ya ce, "To yanzu wacce aka ɗauka? Na ce a busar, na dawo na ce a jiƙa. In wancan hoto ne, ashe ruwan gaskiya ne. Rabi, ko na kashe su?"

"Ruwan sama dai ba kai ke riƙe da makullinsa ba, Malam, ko da can ma. Abin da ke hannunka yana cikin hularka."

Ya cire hular. Takardar ta yi laushi kamar tsumma, gumin shekara biyu ya cinye tawadar. Lambobi goma sun fito, ɗaya ta shafe, ba a gane ko ɗaya ce ko bakwai. Ya ce bakwai ce. Rabi'atu ta danna ta miƙa masa. Wata mata ta ɗauka tana wani yare da bai taɓa ji ba, ya yi mata sallama sau uku, ta yi masa tsawa ta kashe. Ya ce shi ke nan, an gwada, Allah bai yi ba. Yana ƙoƙarin mayar da takardar cikin hula Rabi'atu ta riga ta danna da ɗaya.

Ta yi ƙara sau biyar. Aka ɗauka. Iska na kaɗawa a can, da kukan maraƙi.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Muryar ta tsufa, amma ita ce. Ɗantala ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa magana ta ƙi zuwa.

"Alaikumus salam," ya ce da ƙyar, alhali shi ya kira. "Sulle."

Maraƙin ya sake kuka.

"Yaya?"

"Na'am. Ina kwana?"

"Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya iyali?"

"Lafiya ƙalau. Yaya Yaya Rabi da yara?"

"Duk lafiya. Yaya dabbobi?"

"Alhamdu lillahi."

Gaisuwa ta yi ta tafiya, kowa na ɓuya a bayanta. Aka gaida gida, aka gaida maƙwabta, aka gaida har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba a sani ba. Daga ƙarshe Ɗantala ya kawo ga wadda yake tsoro.

"Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Kun ji fa! Amsar da kowa ke bayarwa ke nan, ko fari ake ko rufin ɗakinsa ne ke yawo a kan kogi. Ɗantala ya dubi Rabi'atu, ya ga ba mai fitar da shi sai kansa. Sai ya saki Hausa ya koma Fillancin uwarsu, wanda rabonsa da shi shekara shida. Ya ce ba gaisuwa yake ba, tambaya yake, a gaya masa gaskiya.

Sulle ya gaya masa. Ruwa ya zo shekaranjiya da asuba. Ya tafi da bukkoki da 'yar masarar da suka shuka, da maruƙa biyu. Mutane duk sun fita. Yanzu suna kan wani tudu su da shanu, sun tsira, sai dai ba abin da dabba za ta sa a baki, duk makiyaya tana ƙarƙashin ruwa.

Nan Ɗantala ya kwance buhu. Ya faɗi jar ƙasar da ya gani, da azumin, da masar sadaka, da tekun da ya roƙa wa ruwa, da rabon Beli da ya yafe. Yana yi yana sarƙewa, ya dawo baya, ya sake farawa. Ya ce shi dai bai san wacce ta same su ba cikin biyun, amma duk wadda ce tasa ce, a yafe masa.

Sulle ya yi wata 'yar dariya da ba ta rabu da kuka ba.

"Yaya, raɓa kuwa tun ranar da na sauka a nan take jiƙa mini ƙafar wando. Kullum na fita da shanu da safe na ji sanyinta sai in ce, to, yau ma Allah bai karɓi ta Yaya ba. Sai in ji daɗi. Ba don ni ba, don kada a rubuta maka."

Ɗantala ya sa hular ya toshe fuskarsa. Da ya samu numfashi ya ce, "To me ya hana ka dawowa, ɗan'uwana? Shekara shida!"

"Na so, Yaya. Shekara uku da suka wuce har na fara ɗaure kaya. Sai wani maƙwabcinmu mai babbar waya ya ce zai nuna mini garinmu daga sama. Na ce ya nuna mini gida. Na ga bayan gida cike da shanu. Na ce ashe Yaya ya ba wani wurin, ko ya sayi nasa. Sai na kwance kayana."

Ɗantala ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Sulle! Shanunka ne!"

"Na'am?"

"Naka ne, wallahi naka ne! Tsohon hoto ne, tun kana nan aka ɗauka. Har kai kana ciki, ga ka nan tsaye a gefe da inuwarka. Ba wanda ya ɗaure ko akuya a wurin tun da ka tafi."

Iska ta yi ta kaɗawa a cikin wayar. Ɗantala ya zagaya bayan gida da ita a kunne, ƙafa ba takalmi, Rabi'atu na ce masa sabis zai ɗauke. Bai ɗauke ba. Ya tsaya a bakin filin. Hantsi bai gama ɗagawa ba, ƙafar wandonsa ta jiƙe sharkaf.

"Yaya," in ji Sulle, murya ƙasa-ƙasa, "to yanzu me ke wurin?"

"Ciyawa. Ta kai gwiwa, wani wurin har ƙugu. Ba bakin da ya taɓa ta."

Ya ji Sulle ya juya yana yi wa wani magana a can, da sauri, ana amsa masa. Sannan muryar ta dawo.

"Kada ka bari kowa ya yanka."

Ɗantala ya miƙa wa Rabi'atu wayarta, ya shiga ɗaki ya ɗauko gatari, ya nufi gefen da shingen ya karye.